Gadar Motata da Ɗakin Iya Abu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya kamaci ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi lafiya lau muke. Surukarki Hadiza tana nan ƙalau, jikokinki sun girma, har Hanifa ta fara ɗora tukunya, ko da yake gishirinta sai an yi haƙuri. Na san takardar nan ba za ta iso inda kike ba, mutane ne za su karanta ta a wayoyinsu. To, su karanta. Ni dai da ke nake magana, domin shekara huɗu ke nan ina tara miki labari, wannan kuwa ya ƙi zama a ciki.

Inna, ɗanki ya zama Ciyaman. Kada ki yi dariya tukuna, ki adana ta, za ki buƙace ta a gaba. Bara ne, bayan sallar la'asar, dattawan layinmu suka ce a kafa kwamitin gyaran unguwa. Aka duba aka ga ni ne kullum da biro a aljihu, ga shi ina aikin ofis a Tarauni, sai aka ce Kabiru ya riƙe. Wallahi na ji daɗi. Washegari na sayi sabon littafi mai bango mai kauri, na cika shafi biyu da manufofi, hatta tafiyata sai da ta canza. Hadiza ta ce ko gwamna aka ba ni iyakar abin da zan yi ke nan.

Babban abin da ke gaban kwamitin shi ne ruwa. Damina uku a jere, da zarar an yi ruwa mai ƙarfi sai kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, ruwan ya tsallaka hanya ya nufi gidan aminiyarki Iya Abu kamar an aike shi. Kin san gidan a kwari yake, ɗakinta kuma har yau na ƙasa ne, wanda marigayi mijinta ya gina tun kafin a haife ni. Ni kuwa tuni na gano mai laifi, wato leda. Duk inda na zauna sai na yi wa mutane huɗuba a kan leda. A ƙofar masallaci leda, a wurin ɗaurin aure leda, har wani ya raɗa mini suna Sarkin Leda a bayan idona.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai na kira aikin gayya don a yashe kwata. Yadda na kira shi ne abin kunyar. A ofis na buga takarda da na'ura, na rubuta a samanta "Zuwa ga dukkan masu gidaje", na ce halarta wajibi ne, wanda bai zo ba kwamiti zai ɗauki mataki. Wane mataki? Ni ma ban sani ba. Na sa hannu, na manna ɗaya a bangon masallaci, na tura hotonta a zauren unguwa na waya. Mutane suka yi ta turo "Allah ya taimaka" da hoton babban yatsa, na kwanta ina ganin aiki ya gama kansa.

Ranar gayya mu uku muka fito. Ni, da ladan, da maƙwabcinmu Alhaji Uba, wanda ya zo da kujerarsa ta roba ya zauna a inuwar darbejiya yana nuna mana inda za mu sa shebur. Baro biyu na leda muka kwashe, ladan ya ce bayansa ya riƙe. Na koma gida ina huci, ina cewa mutanen layin nan malalata ne, ba a iya musu. Hadiza ruwan wanka kawai ta kai mini.

Bayan kwana tara aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da rana tsaka, ina ofis. Kafin in dawo ruwa ya shiga ɗakin Iya Abu har ya taɓa katifa, bangon da ke kallon hanya kuma ya tsage tun daga tushe har kusa da taga. Maginin da ya duba ya ce in ya sake shan ruwa irin wannan, faɗuwa zai yi. Ɗanta Lawan ya bugo waya daga Zariya ya yanke hukunci: in ruwa ya ƙara shiga ɗakin nan ko sau ɗaya, zai zo da mota ya ɗauke ta, a rufe gidan. Ban ga laifinsa ba, uwarsa ce. Amma ke kin san Iya Abu. A layin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haihu, daga nan aka ɗauki mijinta, daga nan aka ɗauke ki tana riƙe da ƙyauren zaure tana kuka. A ɗauke ta daga nan, ai an gama da ita.

Na je yi mata jaje, na tarar da ita tana kwarfe ruwa da tsohon kwanon sha, ta ɗaure kayanta ƙulli-ƙulli ta ɗora a kan gado. Na fara yi mata bayanin leda da lalacin mutane. Ta miƙe ta riƙe ƙugu ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da tari. Ta ce, "Kai Kabiru! Ka aika wa mutane sammaci kamar alƙali, ka ce gayya ka kira? Uwarka ba haka take yi ba."

Na ce ai Baba ne ke kiran gayya a zamaninku. Ta ce, "Baba ake yi wa godiya a masallaci dai."

A nan ta tuna mini abin da na sha gani da idona ban taɓa fahimta ba. Duk lokacin da za a yi gayya, kwana uku kafin ranar sai ki yafa mayafi ki ɗauki babban kwanon nan mai murfi, ki bi gidajen layi ɗaya bayan ɗaya. Ba kya roƙon kowa ya fito aiki. Ki zauna ku gaisa da matar gida, ki tambayi yara, sannan ki ce za a ɗora tukunyar gayya, a zuba albarka. Wannan ta ba da gwangwanin wake, waccan shinkafa, wata manja, wadda ba ta da komai ta ba da barkono ko itace. Ni a lokacin na ɗauka abinci kawai kike haɗawa. Sai da Iya Abu ta maimaita maganarki na ji ta da muryarki sak: "Wadda ta zuba wake a tukunya ba ta barin mijinta ya kwanta."

Inna, ashe shugabanci kike yi da kwano a hannu, mu muna can muna yaba wa Baba. Allah ya jiƙanku ku duka, amma yau na mayar da haƙƙi ga mai shi.

Na dawo gida na sauke murya na roƙi Hadiza ta bi gidaje da kwanon. Ta ce sai na fara amsa cewa takardata ba ta yi aiki ba. Na amsa. Ta ce in ƙara faɗa da ƙarfi ba ta ji ba. Na ƙara. Sannan ta shiga ɗakinki ta ɗauko kwanon, yana nan inda kika bar shi, ta wanke ta fita. Sawu huɗu ta yi a ranar, kowane sawu kwanon a cike. Sai dai ta dawo da wata magana da ta tsaya mata a rai. Ta ce kusan kowane gida sai matar ta zuba, ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Allah ya sa dai Ciyaman ya shirya." Na ce to wane shiri kuma ya rage? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Gida ɗaya ne kwanon bai shiga ba, gidan hayar da ke ƙarshen layi. Ba ki san mutanen ba, bayan rasuwarki suka ƙaru. Yawancinsu 'yan adaidaita sahu ne da leburori daga ƙauyuka, iyalansu suna can gida, su suna nan neman abinci. Hadiza ta ce ita ba za ta shiga gidan da babu mace ba, wannan sawun nawa ne. Sai a lokacin na tuna takardata ma masu gidaje ta kira, su ko a lissafi ban sa su ba.

Da sassafe na same su a teburin mai shayi kafin su fita aiki. A hanya ina ta lallashin kaina da cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Dubi girman kai, Inna! Ashe ni ne wadan. Na yi sallama, na zauna a bencinsu, na faɗi abin da ya kawo ni. Babbansu, wani Ilu mutumin Sumaila, magidanci mai 'ya'ya biyar a ƙauye, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara uku muna layin nan, ba a tunawa da mu sai in wayar wani ta ɓata." Gaskiya ya faɗa. Na ce a yi haƙuri, mun yi kuskure. Ya ce ya wuce, ai Iya Abu uwa ce, ko zazzaɓi ɗayansu ya yi ita ke aiko da kunu.

Shi ya gyara mini rana. Ya ce in ana son su fito duka, a sa gayyar ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake tsayar da ababen hawa da safe saboda tsaftar gari, dama a zaune suke ba aikin fari ba na baƙi. Shekara nawa ina ganin wannan Asabar tana wucewa, ban taɓa kawo haka a raina ba. Ina cikin yaba masa sai ya miƙe ya ce in ba zan ji haushi ba, in zo ya nuna mini wani abu.

Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidanmu.

A nan sai na yi miki wani bayani. Shekara guda bayan rasuwarki Allah ya hore mini 'yar mota. Don ta riƙa shiga gida, na sa aka zuba siminti a kan kwatar ƙofarmu aka yi gada, aka bar bututu a ƙarƙashi don ruwa ya wuce. Gada ce mai kyau, har da 'yar kwalliya a gefe, ina alfahari da ita. Ilu ya tsuguna, ya zura sanda a cikin bututun, ko rabi ba ta shiga ba ta tsaya. Ya ce, "Ciyaman, ga ciwon nan. Kwatar nan faɗinta kamu uku ne, bututunka kuwa ko kan akuya ba zai shige ba. Ruwa ya zo nan ya rasa hanya, sai ya tsallaka wurin Iya. Ko ledar Kano kaf ka kwashe, in wannan tana nan, aikin banza ne."

Na ce in haka ne me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa? Ya ce, "Kowa ya sani a layin nan. Kara suke yi maka, kai ɗan gida ne, sun san iyayenka. Ni baƙo ne, kunyarka da nake ji ba ta kai tasu ba."

Inna, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Damina uku! Damina uku ke nan daidai da yin gadar. Ina tsaye a kanta nake yi wa mutane huɗubar leda, suna sunkuyar da kai suna cewa haka ne Ciyaman. Dalilin da ya hana su fitowa gayyar farko ke nan: wa zai karya bayansa yana yashe kwatar da mai kiran gayya ya toshe? Shirin da matan suke tambaya ke nan. Kin sha gaya mana laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa ma da siminti na gina shi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban karɓa nan take ba. Kwana biyu ina fushi, ina neman hujja. Na ce ai magini ne ya zaɓi bututun, na ce ai akwai masu gada a wasu layukan, na ce wannan Ilu ma wa ya ba shi ilimin ruwa. A rana ta uku na tsallaka wurin Iya Abu, na tsuguna a bakin ƙofarta, na ce, "Iya, kin san gadata ce ke turo miki ruwa?" Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce ta sani tun daminar farko. Na ce don Allah me ya hana ki faɗa mini? Ta ce, "Ranar da ka shigo da motar nan guɗa na yi, na ce ina ma aminiyata ta ga wannan rana. Da bakin da na yi guɗa zan ce ka fasa wa motar hanya?"

Na yi kuka, Inna. Ƙato da ni, da furfura a gemu, a tsugune a ƙofar tsohuwa. Ta ce in tashi kada yara su gan ni, Ciyaman guda.

Ranar Asabar ɗin, ana idar da sallar asuba na fitar da motar na kai ta filin da ke bayan masallaci. Na aro babbar guduma. Gari na wayewa 'yan gidan haya suka iso da diga da shebur, mata kuma sun riga sun hura wuta a tsakar gidanmu, ƙamshin wake ya fara zagaya layi. Sauran magidanta suna leƙowa daga zaurukansu, kowa yana jira ya ga abin da zai faru. Na hau gadar, na yi bisimilla, na ɗaga guduma na sauke da iyakar ƙarfina. Gudumar ta yi tsalle ta dawo, saura ƙiris ta murƙushe mini ɗan yatsan ƙafa, simintin kuwa ko gezau. Layi ya kaure da dariya. Na ƙara, na ƙara, sai a bugu na biyar ya tsage. Ilu ya karɓi gudumar ya ce, "Ya isa Ciyaman, ka biya niyya, bar wa masu hannu."

Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai ganin layi na yi ya cika. Wanda ban taɓa gani da shebur ba ya fito da shebur. Mai kantin kwana ya dubi matakalar da ya ɗora a kan kwata, ba wanda ya yi masa magana, ya ce a kawo gudumar nan in an gama. Alhaji Uba ya zo da kujerarsa kamar kullum, ya zauna, ya duba, ya ga ba mai sauraron umarninsa, sai ya naɗe babbar riga ya kama baro. Hajiyarsa ce ta ba da manja galan guda, ina jin ba a bar shi ya zauna lafiya a gida ba.

Mutanen ƙauyen nan kuwa, gayya a jininsu take. Suka raba mu kashi-kashi, masu haƙa, masu kwasa, masu turawa, ɗaya yana ba da waƙa saura suna amsawa. Ni aka sa ni a masu turawa, aka ce nan ne ba zan ji wa kowa ciwo ba. Ashe a cikinsu akwai magini, shi ya ja mutum huɗu suka ɗaure bangon Iya Abu, suka yi masa dakali a gindi. Kafin azahar an yashe kwata tun daga bakin titi har inda take faɗawa babbar magudana.

Sai aka shimfiɗa tabarmi aka fito da garau-garau a farantai, da mai da yaji. Mai gida da ɗan haya, ma'aikaci da lebura, hannu a faranti ɗaya, kowa yana cewa waken matarsa ne ya fi daɗi. A wurin na miƙe na ce ina da shawara guda, ba takarda, ba sa hannu: a sa Ilu a kwamiti, kuma duk abin da ya shafi ruwa shi za a bi. Aka ce an yarda. Ladan ya ce to an naɗa Sarkin Kwata, Sarkin Leda ya yi murabus. A ranar na san sunan da ake kirana da shi.

Motata ta yi sati shida tana kwana a waje kafin mai walda ya yi mana murfin ƙarfe mai ramuka, wanda ake ɗagawa a share ƙarƙashinsa. Kullum da safe in taka zuwa bayan masallaci da takalmin ofis, masu adaidaita suna yi mini hon suna cewa ko a rage wa Ciyaman hanya. Littafin nan mai bango mai kauri yana nan, amma yanzu kafin in rubuta komai sai na zagaya na tambaya. Na kuma koyi wata tambaya mai ɗaci da nake yi wa mutane in mun keɓe: akwai abin da kuke gani a wurina da kuke jin nauyin faɗa? Ba kowa ke amsawa ba. Hadiza ce kawai ba ta taɓa rasa amsa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, domin ba a gwada aikin ba, kuma Iya Abu ta ƙi kwance kayanta. Ta ce sai ta gani da idonta. Ruwan gwajin ya zo a tsakiyar damina, wata Laraba bayan azahar. Gari ya yi baƙi ƙirin, aka sako shi kamar da bakin ƙwarya. Na baro ofis ba ko sallama, na iso layi jiƙe sharkaf, na tarar ba ni kaɗai ba ne. Ilu ya ajiye adaidaitarsa a bakin layi ya haƙura da neman fasinja, Alhaji Uba yana zaure da lema, duk mun zuba wa kwata ido. Ruwa ya taho jajawur, ya cika ta har baki, ya iso ƙofarmu. Ya shige ƙarƙashin ƙarfen nan ya wuce abinsa, ko waiwayen gidan Iya Abu bai yi ba. Sama da awa guda ana yi, bakin ƙofarta sai ɗigon indararo. Ilu ya yi kabbara, ni kuwa na rungume shi da jiƙaƙƙiyar rigata.

Da aka ɗauke ruwan na shiga wurinta. Na tarar ta riga ta bugo wa Lawan, ta ce masa ya bar motarsa ta huta. Tana zaune a kan tabarma tana kwance ƙullin kayanta ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da kwanuka cikin kabad, tana 'yar waƙarta. Na ce bari in taya ta, ta ce in bari, ita ta san mazaunin kowanne. Can ta tsaya da wani zani a hannu, irin wanda kuka yi anko da shi a bikin Lawan, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Da a ce waɗanda suka tafi suna karɓar saƙo, da na aike ka wurin uwarka. Ka ce mata Abu tana nan a ɗakinta, ba ta tashi ba."

To Inna, ni ban san ko saƙo yana isa ba, Allah ne masani. Amma an aike ni, kuma ke kika koya mini ba a riƙe aike. Abu tana nan a ɗakinta. Ba ta tashi ba.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk gidan da kika taka da kwanon nan ya zame miki shaida ranar gobe. Allah ya jiƙan Baba. Ya ƙara wa Iya Abu lafiya da nisan kwana, ya yi wa Ilu da 'yan'uwansa buɗi, ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Ni kuma Allah ya ba ni masu gaya mini gaskiya, ya ba ni kunnen jin ta. Ya haɗa mu da ku a Aljanna Firdausi. Amin.

Ɗanki na fari, wanda har kika koma ga Allah kunya ba ta bar ki kin kira sunansa ba,

Kabiru